Sunayen gaɓoɓin jiki: kada maganar kakanni ta ɓace

A kasuwar Dakwaro ana gamuwa da Gobirawa, da Adarawa, da Fulani, da Buzaye. Kowa yana jin Hausa. Amma in aka zo wajen sunayen gaɓoɓin jiki, sai a tarar kowace ƙasa da irin tata magana.

Ga misali. Mutumin Gobir yana cewa halshe, Bakano ya ce harshe. Nan ana cewa anta da huska, can ana cewa hanta da fuska. Abin da tsofaffin nan ke kira haure, shi ne haƙori a Kano. A can, in an ce haure, sai a tuna da na giwa.

Wani lokaci bambancin yana kawo ruɗani. A ƙasashen Gobir da Adar da Sakkwato, farce shi ne yatsa, abin da ake yankewa a bakinsa kuwa akaifa. A Kano, akaifar ce ake kira farce. Manomin da lauje ya yanke wa yatsa, in ya ce farcensa ya tsage, baƙon likita zai iya ɗauka abin ƙarami ne.

Akwai kuma sunaye masu hikima da yara da yawa ba su sani ba. Naman bayan ƙwauri sunansa sha-raɓa, don shi ke shan raɓar ciyawa in an yi sammakon gona. Jijiyar bayan diddige agara ce. Naman da haƙora suka tsiro ciki dasashi ne. Gefen ciki kwiɓi, ƙasan cibiya mara. Samari suna tafiya cin rani, suna kallon finafinan Kano cikin waya, sunayen nan suna ta raguwa a bakinsu.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mai cewa "cikina ke ciwo" bai gaya wa likita kome ba. Wanda ya ce mara, ko kwiɓin hagu wajen saifa, ya rage masa rabin aiki, don masassarar cizon sauro tana kumbura saifa. Haka maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakar kan jinjiri. In yaro yana zawo, maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ragu ƙwarai. Sai a ci gaba da ba shi nono, a tafi da shi gidan likita ba da jinkiri ba. Uwar da ta san sunan, ita ke saurin faɗin abin da ta gani.

Wasu sun riga sun yi irin wannan adani. A 1934 wani Bature, Bargery, ya fitar da babban ƙamus na Hausa, ya nuna kalmomin Katsina da Sakkwato da Gobir. Mutanen Sikotlan, arewa da Ingila, su ma suna da tsohuwar maganarsu: kunne "lug", hammata "oksta". Sun yi shekara 45, daga 1931 zuwa 1976, suna buga ta cikin littafi 10.

To, wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ga aiki. Ya zauna da tsohuwa, ko wanzami, ko mahauci, ko ungozoma. Ya tambaye su daga ƙeya har diddige, ya rubuta cikin littafinsa, ya karanta wa ƴaƴansa. Abin da aka rubuta, ko tsoho ya kwanta dama, yana nan.