Me ya sa ake ba ma'aikatan farmasi horo na musamman kan maganin yara?

Hanta da ƙodar jariri ba su gama ƙwari ba, don haka magani kan daɗe a jikinsa fiye da na babba. Shi ya sa ake auna maganin yaro da nauyinsa: farasitamol, misali, miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo. In aka yi kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi, yaro na iya shan ninki 10 na abin da ya dace.

A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na muhimman magungunan yara. A horon, ma'aikacin farmasi na asibiti yana koyon sake lissafa abin da likita ya rubuta, da haɗa maganin ruwa in ƙwaya kaɗai ake da ita, da tantance inda magani ya fito. Darasin Gambiya bai tsufa ba: a 2022 gurɓataccen maganin tari ya kashe yara kusan 70.

Iyalan da ke tsallaka iyaka neman magani su kula sosai. Kwalba biyu masu suna ɗaya, ɗaya daga Najeriya, ɗaya daga Nijar ko Kamaru, na iya bambanta a ƙarfi. Iyaye su faɗi nauyin yaro, su nuna kwalbar, su auna da ma'aunin da ya zo tare da ita maimakon cokalin gida.