Mabuɗin Zaure da Mabuɗin Turaka

Ita wannan 'yar na'ura mai ƙyafta fitilu da ake ɗorawa a kan kabad, wadda jama'a ke kira rauta, tana karɓo intanet daga waje ta rarraba wa wayoyin gida ba tare da igiya ba, mabuɗai biyu gare ta, kuma galibin ruɗanin da akan faɗa a sha'aninta asalinsa rashin rarrabe su ne. Na fari shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda matsayinta na mabuɗin zaure ne, ana ba baƙo, ana ba maƙwabci in an ga dama. Na biyu kuwa na turaka ne, da shi ake shiga inda ake hukunta dukkan al'amuran na'urar, bai halatta ga kowa ba sai mai gida.

Wanda ke neman turakar nan sai ya kife rautar ya duba takardar da aka manna mata a gindi, ko ƙarƙashin batir idan ta aljihu ce, zai tarar da adireshi na lambobi, galiban 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei masu ɗaukar layi kuma 192.168.8.1. Idan ya rubuta su a saman Chrome, alhali wayarsa na haɗe da rautar, shafin zai buɗe ko da data ta ƙare ƙaf, domin a cikin na'urar yake zaune, ba a wata ƙasa ba. An keɓe waɗannan lambobi ne musamman don amfanin cikin gida, shi ya sa gidaje bila adadin ke tarayya a kansu ba tare da saɓani ba. In kuwa takardar ta goge, umarnin ipconfig a kwamfuta mai Windows yakan bayyana adireshin.

A ciki ake sauya sunan da wayoyi ke gani, da kalmar sirrin Wi-Fi, wadda sharaɗinta kada ta gaza harafi 8 ko ta haura 63. A nan kuma mutum kan ga jerin wayoyin da ke shan datarsa, wani lokaci har da na yaran maƙwabta da bai taɓa yi wa izini ba. Wajen nau'in kulle, a zaɓi WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018, a ƙaurace wa WEP, wanda aka daɗe da fasawa.

Amma babbar gafala, a ganina, ita ce barin mabuɗin turaka yadda masana'anta ta ƙera shi, wato galibi admin, kalmar da ko ɗan koyo a shagon gyaran waya ya haddace. Wanda ya sauya ta ya rubuta ya adana, domin in ta ɓace masa babu mafita sai danna ɗan ramin bayan rautar da tsinke kimanin daƙiƙa 10, wanda kan shafe duk abin da ya tsara.