Me ya sa ake tsara taurarin hasashen yanayi tun shekaru kafin a harba su?

A ranar 13 ga Disamba, 2022, aka harba tauraron ɗan adam na farko cikin sabon jerin Meteosat na hasashen yanayi daga tashar harba rokoki ta Kourou. Hukumar EUMETSAT ta Turai, mai hedikwata a Darmstadt ta Jamus, ita ke kula da shi. Shida aka tsara, za su riƙa karɓar juna har su yi aikin shekara ashirin.

Ƙera irin wannan tauraro kan ci fiye da shekara goma, shi ya sa tun na yanzu na da ƙarfinsa ake zana magajinsa. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Masu nazarin sauyin yanayi na buƙatar awo marar yankewa, don haka dole sabo da tsoho su yi aiki tare na ɗan lokaci, a daidaita na'urorinsu. In ba haka ba, sai a ɗauki bambancin na'ura a matsayin ɗumamar duniya.

Tauraron da aka harba a 2022 na tsaye ne kimanin kilomita 36,000 saman mashigin tekun Gini, Afirka ce a tsakiyar idonsa. Yana ɗauko hoto duk minti goma, maimakon sha biyar na da, yana kuma ƙirga walƙiya. Ga yankin Sahel, inda hadarin damina kan haɗu cikin 'yan sa'o'i kuma tashoshin awo na ƙasa suka yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai cibiyoyin nazarin yanayi irin su ACMAD da AGRHYMET a Yamai na buƙatar na'urorin karɓa da ƙwararru, kuma wannan ɓangaren ya cancanci kuɗi tun ranar da aka fara zanen.