Salon rubutun hannu a littattafan ƙasar Hausa

Salon rubutun hannu shi ne irin surar da marubuci yake bai wa baƙaƙe idan yana kwafar littafi. Masu nazarin tsofaffin littattafan Girka da Latin suna amfani da shi wajen gane zamanin littafi da wurin da aka rubuta shi, haka ma ake yi da littattafan Larabci da Ajami na Sakkwato, Kano da Barno.

Asali

Rubutun wannan yanki dangin rubutun Magariba ne. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa: ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, saɓanin bugun Misira. Ruwayar Warshu ta kawo imala, ɗigo mai kauri a ƙarƙashin baƙi, wanda Hausawa suka ara don rubuta wasalin "e" a Ajami.

Masana sun fi ambaton salo biyu, Barnawi da Kanawi. A 1960 Bature A. D. H. Bivar ya yi bayanin wani Alƙur'ani na Barno da aka kammala tafsirin gefensa a 1669. Kanawi, mai kaurin baƙaƙe, ya bazu ne a ƙarni na 20 ta hanyar littattafan kasuwa da ake bugawa daga rubutun hannu, irin na Sharu Bala Gabari.

Takarda kuwa galibi daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku. A Alƙur'ani, baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasula, rawaya ta hamza.

Sunayen baƙaƙe

Nan ne harshen ya fi nuna gwanintarsa, domin sunan yana siffanta baƙin. Akwai ɗa mai hannu, saboda sandar da ke tsaye a kansa. Ha kuri da ta kuri, masu surar zagaye. Lam jaye da mim jaye, waɗanda ake jan su zuwa baƙi na gaba. "Ruwa" a nan ɗigo yake nufi, shi ya sa ake cewa ha mai ruwa. Ana jin waɗannan sunaye a makarantun allo daga Illela har Birnin Ƙonni, amma ɗalibin da ya fara da Islamiyya da bugun Hafsu yakan tashi bai san su ba.

Ana adana irin waɗannan littattafai a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da kuma Gidan Arewa a Kaduna.