Kayan Wasan Roba Na Gundam: Darasin Japan Ga Masana'antun Nijeriya

ABUJA — Daga cikin kayayyakin da ƙasar Japan take fitarwa zuwa kasuwannin duniya akwai wani ɗan akwatin kwali wanda ba kasafai masu nazarin tattalin arziki a ƙasar nan suke kula da shi ba. Abin da ke cikinsa gutsattsarin roba ne da takardar bayani, amma idan mai saye ya harhaɗa su, sai su tashi mutum-mutumin yaƙi mai suna Gundam. Ya zuwa shekarar 2021, kamfanin Bandai da ke yin wannan kaya ya fitar da fiye da akwati miliyan 700 zuwa kasuwa.

Wannan al'amari ya shafi Nijeriya, domin ƙasa ce mai arzikin man fetur da iskar gas, waɗanda daga cikinsu ne ake samun roba, ga kuma masana'antun sarrafa roba a Kano da Legas da Aba. Duk da haka, yawancin kayan wasan yara da ake gani a Kasuwar Wuse da manyan kantunan Abuja daga waje ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin. Don haka yana da kyau a duba yadda Japan ta mayar da roba mai arha ta zama haja mai daraja.

Asalin cinikin wani wasan kwaikwayo ne na zane mai motsi da ake kira Mobile Suit Gundam, wanda aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan a watan Afrilu na 1979. Kamfanin Sunrise ne ya shirya shi a ƙarƙashin jagorancin Yoshiyuki Tomino. Labarin yaƙi ne a sararin samaniya, inda sojoji suke shiga cikin ƙattin injuna masu siffar mutum suna tuƙa su kamar yadda ake tuƙa jirgin yaƙi. Da farko bai sami karɓuwa ba, har ta kai aka taƙaita shi zuwa kashi 43, aka rufe shi a watan Janairu na 1980.

A wannan hali ne kamfanin Bandai ya sayi izinin yin siffofin injunan da roba. Na farko ya shiga kasuwa a watan Yuli na 1980 a kan kuɗi yen 300, farashin da ɗan makaranta zai iya tarawa daga kuɗin karin kumallonsa. Da aka maimaita nuna wasan a talabijin, aka kuma mayar da shi finafinan silima guda uku a 1981 da 1982, sai ciniki ya buɗe, har kaya suka riƙa yankewa a kantuna. Japanawa suka laƙaba wa kayan suna Gunpla. A 1994 Bandai ya mallaki kamfanin Sunrise, watau labarin da masana'antar suka koma hannu guda.

Ana yin kayan ne bisa ma'auni. A cikin labarin, tsawon Gundam mita 18 ne. Idan aka rage shi sau 144, sai a sami mutum-mutumi mai tsawon santimita 12 da rabi, kuma wannan shi ne ma'aunin da aka fi saye. Akwai na sau 100 mai tsawon santimita 18, da na sau 60 mai tsawon santimita 30. Kamfanin ya kasa kayan daki-daki gwargwadon ƙarfin aljihu da gwanintar mai saye: High Grade ya fito a 1990, Master Grade a 1995, Perfect Grade a 1998, sannan Real Grade a 2010. Ta haka yaron da ya fara da mai arha yakan ci gaba da saye har ya zama magidanci.

Aikin harhaɗawa yana bukatar haƙuri. Gutsattsarin suna zuwa ne manne a jikin wani firam na roba, kowanne da lambarsa. Mai haɗawa zai sa ƙaramar filaya ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge bakin yankan da wuƙa ko samfefa, sannan ya bi takardar bayani yana ɗora ƙafa a kan cinya, hannu a kan kafaɗa. Na shekarun farko sai da gam da fenti. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka koma yin gutsattsarin da suke kama juna da kansu ba tare da gam ba, kuma kowanne yana fitowa da launinsa daga inji. Gwanaye sukan ƙara da zizara baƙin layi a cikin tsagogin jikin, su yi fenti, har su sa masa alamun tsatsa da tabon harsashi don ya yi kama da wanda ya dawo daga fagen fama.

Bayan an gama haɗawa sai a zo ga tsayar da shi, wanda shi ma fanni ne mai zaman kansa. Gaɓoɓin kafaɗa da gwiwa da ƙugu duk suna motsi, saboda haka ana iya girke shi yana zare takobi, ko ya durƙusa yana saita bindiga, ko a ɗora shi a kan madogari kamar yana shawagi. Waɗanda suka iya sukan karkata ƙugun, su buɗa ƙafafun, su juya kan ya fuskanci inda makamin yake nuni, domin nauyin jikin ya zauna daidai. Tun 2011 kamfanin yake shirya gasar duniya ta masu wannan aiki. A fuskar ciniki, wannan ya haifar da wasu ƙananan kasuwanni na fenti da filaya da madogarai da akwatunan gilashi na ajiya.

Robar da ake amfani da ita, wadda akasarinta polistirin ce, ba ta da wani tsada. Darajar kayan tana wurare biyu ne. Na farko shi ne mazubin ƙarfe, watau ƙarfen da aka sassaƙa siffar kowane gutsure a cikinsa, wanda inji yake ɗura wa narkakkiyar roba da ƙarfi. Idan sassaƙar ta kauce ko da kaurin gashi ne, gutsattsarin ba za su kama juna ba. Yin mazubi yana cin kuɗi da lokaci, amma da zarar an gama shi ana iya buga dubban ɗaruruwan kaya da shi shekara da shekaru. Na biyu shi ne labarin, domin ba wanda yake da ikon buga siffar Gundam ya sayar sai da izinin mai haƙƙin mallakarta.

Wannan ne ya sa Bandai ya riƙe babban aikin a gida, a birnin Shizuoka, inda ya buɗe cibiyarsa ta yanzu a 2006, alhali kamfanonin kayan wasa da dama sun kwashe ayyukansu zuwa ƙasashen da ladan ƙwadago yake da arha. Shizuoka gari ne na masassaƙa tun asali. Daga yin ƙananan jiragen katako ne masana'antunsa suka koma roba wajen ƙarshen shekarun 1950, kuma a nan ne kamfanin Tamiya da wasu irinsa suke. Sana'ar gargajiya ce ta rikiɗe ta zama masana'antar zamani.

A ɓangaren Nijeriya, akwai abin farawa. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda aka sayar wa kamfanin Indorama a 2006, tana samar da ƙwayar roba nau'in polietilin da polifrofilin, kuma matatar Dangote da ke Lekki ta fara samar da polifrofilin a 2025. A unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano akwai injunan ɗura roba da suke buga bokiti da buta da kujeru da takalma, waɗanda ake kaiwa har Nijar da Cadi. Tsarin aikinsu ɗaya ne da na injunan Shizuoka. Bambancin shi ne bokiti ana sayar da shi ne kusan bisa nauyin robarsa, ribarsa kaɗan ce, kuma kowa yana iya buga irinsa.

Matsalolin kuwa sanannu ne. Mazuban ƙarfe masu ingancin sassaƙa akasari daga waje ake sayo su. Injin ɗura roba yana bukatar wutar lantarki marar yankewa, domin idan wuta ta ɗauke robar takan daskare a cikinsa, a yi asarar kaya da lokaci. Sannan ga faɗuwar darajar naira. Kafin watan Yuni na 2023 ana musayar dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a hukumance, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Alal misali, kayan dala 20 da ake samu a kan naira 9,200 ya koma naira 30,000 ke nan, ban da kuɗin dako da na kwastan. Wannan ya matse ɗan kasuwa mai shigo da kayan wasa, ya kuma buɗe ƙofa ga wanda zai iya yin su a gida.

An taɓa gwada irin haka. A 2007 Taofick Okoya ya fito da 'yartsanar Queens of Africa mai siffa da suturar matan Nijeriya, ta kuma sami kasuwa, sai dai jikinta a ƙasar Sin aka buga shi, a Legas aka yi mata sutura da kitso. A fannin labari ma an sami ci gaba, domin a 2024 kamfanin Disney ya nuna wasan zane mai suna Iwájú, wanda ya shirya tare da kamfanin Kugali, kuma labarinsa a Legas ta nan gaba yake faruwa. Abin da ya rage shi ne haɗa mai zane da mai masana'anta, kamar yadda Bandai ya haɗu da Sunrise.

Hukumomin da alhakin hakan ya rataya a wuyansu suna nan Abuja. Akwai Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987, da hukumar NASENI mai kula da ayyukan kimiyya da injiniya da aka kafa a 1992, da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, wadda ta sami sabuwar doka ta 2022. Ba mai zuba jarinsa a mazubin ƙarfe idan ya san wani zai kwaikwayi kayansa cikin wata guda ba tare da hukunci ba.

Masu saye kuwa ba su ne matsala ba. Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa motar kara da ta langa-langa da ta waya da hannunsu, ba tare da takardar bayani ba. Horar da masu sassaƙa mazubi a kwalejojin fasaha, samar da wuta ga unguwannin masana'antu, da hukunta masu satar fasaha, su ne matakai uku da za su sa masana'antun roba na ƙasar nan su ɗaga daga bokiti zuwa kayan da ake biyan kuɗin basirar da ke cikinsu.