Amurka: Taƙaddama kan girke 'yan sanda a makarantu

A ƙasar Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantun gwamnati ba. Nauyin ya rataya ne a wuyan jihohi da kuma hukumomin ilimi na gundumomi, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000, kuma galibi mazauna gunduma ne ke zaɓen wakilansu. Waɗannan wakilai, tare da majalisun birane, su ne kan yanke shawarar ko za a ajiye ɗan sanda a makaranta, da irin laifin da zai sa a kira shi.

An fara wannan tsari ne a garin Flint na jihar Michigan a shekarun 1950, amma bai bazu ba sai a shekarun 1990. A 1994 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar korar duk ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga na tsawon shekara guda. Sannan a 1999 wasu ɗalibai biyu suka harbe 'yan uwansu 12 da malami guda a makarantar Columbine da ke jihar Colorado. Bayan wannan ta'asa gwamnatin tarayya ta ware miliyoyin daloli domin ɗaukar dubban 'yan sandan makarantu.

Sai dai ba kullum ake harbe-harbe ba, shi kuwa ɗan sanda kullum yana nan. Sannu a hankali rigingimun da shugaban makaranta ya saba kashewa a ofishinsa, kamar faɗa tsakanin yara ko yi wa malami rashin kunya, suka koma hannun hukuma. A jihar Texas, har zuwa 2015 fashin makaranta laifi ne da kan kai yaro gaban alƙali, ana kuma iya cin sa tarar da ta kai dala 500. A 2015 ɗin ne kuma hoton bidiyon wani ɗan sanda yana fizgo wata ɗaliba daga kujerarta, yana jan ta a ƙasa a jihar South Carolina, ya tayar da ƙura. Laifinta shi ne ta ƙi fita daga aji bayan an kama ta da wayar salula.

Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta ƙasar sun sha nuna cewa an fi kama yara baƙar fata da masu naƙasa, idan aka kwatanta da yawansu a makarantu. Yaron da ya fara shiga kundin 'yan sanda yana ɗan shekara 14 kuwa, tabon kan iya bin sa har wajen neman aiki.

Kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020 ya ba masu wannan ƙorafi ƙarfi. Cikin 'yan kwanaki hukumar ilimi ta birnin ta soke yarjejeniyarta da 'yan sanda. Biranen Oakland da Denver ma suka bi sahu.

Abin da ya faru a Denver ya nuna wuyar al'amarin. A watan Yunin 2020 wakilan hukumar baki ɗaya suka amince a janye jami'an kafin tsakiyar 2021, aka kuwa janye su. A watan Fabrairun 2023 aka harbi wani ɗalibi a cikin mota kusa da makarantar sakandare ta East, daga baya ya rasu. Wata guda bayan haka wani ɗalibin makarantar mai shekara 17 ya harbi ma'aikata biyu a lokacin da suke caje shi, aikin da ake yi masa kullum saboda halinsa na baya. Iyaye suka fusata, suna tambayar yadda aka bar wa malaman da ba su da makami wannan aiki. Washegari hukumar ta jingine haramcin, a watan Yuni kuma ta amince da dawowar 'yan sandan da ƙuri'u 4 a kan 3.

Masu adawa na cewa kasancewar jami'i ba ta hana kisa. Akwai ɗan sanda mai bindiga a Columbine. A Parkland ta jihar Florida, inda aka kashe mutum 17 a 2018, jami'in makarantar tsayawa ya yi a waje, ko da yake kotu ta wanke shi a 2023.

Duk da haka wasu jihohi sun karɓe shawarar daga hannun gundumomi. Florida ta wajabta ajiye mai gadi da makami a kowace makaranta a 2018, Texas ma ta yi hakan a 2023, bayan kisan yara 19 da malamai biyu a Uvalde. Birnin Chicago kuwa, a 2024 ne hukumar iliminsa ta yanke shawarar fitar da nata 'yan sandan.