Jan Ƙyallin Gansakuka da Lissafin da Ke Fassara Shi

A ƙasar Alakos, arewa da garin Gure a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, ruwan da ke kwanciya a bayan ƙasa na damina ne, wanda yake taruwa a tabkuna da kududdufai na 'yan watanni kafin rana da dabbobi su shanye shi, kuma tun kafin ya ƙafe fuskarsa takan yi kore shar da gansakuka. Kudu da gabas da nan, a kwarurukan ƙasar Manga da ke tsakanin Gure da Maine-Sorowa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa da gishiri da kanwa, waɗanda mutanen yankin suka daɗe suna haƙa suna kaiwa kasuwa. Koren da ke kan irin waɗannan ruwaye tarin ƙananan halittu ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana mayar da wani ɗan jan haske waje, wanda ido ba ya gani da rana saboda rauninsa, amma na'ura tana auna shi cikin sauƙi.

Tushen wannan ƙyalli shi ne kulorofil, sinadarin da ke ba ganye da gansakuka launin kore. Idan kulorofil ya kama haske, ƙarfin da ya samu yana bin ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko ya shiga aikin haɗa abinci, ko ya fita a matsayin zafi, ko ya dawo a matsayin jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 685. Hanya ta ukun ita ce mafi ƙanƙanta, don ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba, sai dai da yake hanyoyin uku suna rabon abu guda ne, duk abin da ya tauye ɗaya yakan bayyana a sauran.

Aikin haɗa abincin kuwa yana farawa ne da tafiyar ilektiron, wato ƙwayar lantarki mafi ƙanƙanta da ke ƙaura daga wani sinadari zuwa wani. A wata cibiya da ake kira tashar haske ta biyu ana fasa ruwa, iskar oksijin ta fita, ilektiron ɗin kuma ya faɗa hannun mai karɓa na farko da masana suka laƙaba wa QA, daga nan ya wuce zuwa QB, sannan zuwa wani rumbun sinadarai mai suna filastokwinon, har ya kai tashar haske ta ɗaya, inda wani hasken yake ƙara masa ƙarfi kafin a yi amfani da shi wajen mayar da iskar kabon sukari. Robin Hill da Fay Bendall na Kambirij ne suka zana tsarin tashoshin biyu masu bin juna a 1960. Abin ya yi kama da layin leburori masu miƙa wa magini tubali hannu da hannu, inda in na gaba ya yi jinkiri sai na baya ya tsaya riƙe da nasa, ba shi da hannun karɓar wani. Haka QA yake: muddin yana riƙe da ilektiron, cibiyar a rufe take, hasken da ya zo ba shi da mashiga, ƙyallin kuma sai ya ƙaru. Hans Kautsky da abokin aikinsa Hirsch sun ga wannan hawa da sauka da idonsu a Jamus a 1931, lokacin da suka haska ganyen da ya jima a duhu, amma sai a 1963 Duysens da Sweers na ƙasar Holan suka danganta shi da halin da mai karɓa na farko yake ciki.

Na'ura layi ɗaya kawai take zanawa, na ƙarfin ƙyalli a kan lokaci, alhali abubuwan da suka haifar da layin suna da yawa kuma ba a ganinsu, kuma wannan giɓi shi samfurin lissafi yake cikewa. Mai bincike yakan jera dukan halayen da cibiya za ta iya shiga, ya ba kowace ƙaura daga wani hali zuwa wani lambar saurinta, ya rubuta ƙa'idojin da ke nuna yadda yawan kowane hali yake sauyawa a kowane ɗan lokaci, sannan ya bar kwamfuta ta zana layin da waɗannan zato za su haifar. In layin kwamfuta ya saɓa wa na na'ura, akwai kuskure a zaton. In sun dace, zaton ya tsira a wannan karo, wanda bai kai a ce an tabbatar da shi ba.

Misali mafi kyau na wannan aiki daga gansakuka ya fito. A 1969 Pierre Joliot da abokan aikinsa a Faris suka haska koriyar gansakuka mai suna Chlorella da walƙiya gajeru ɗaya bayan ɗaya, suna auna oksijin da kowace walƙiya ta fitar, sai suka tarar ta farko ba ta fitar da komai ba, ta biyu ɗan kaɗan, ta uku ta fi kowace yawa, sannan yawan ya sake hawa a ta bakwai da ta goma sha ɗaya, bambancin yana raguwa har ya daidaita. A 1970 Bessel Kok da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wannan duka da ƙaramin samfuri mai matakai biyar, daga S0 zuwa S4, inda kowace walƙiya take matsar da cibiya mataki ɗaya, oksijin kuma ba ya fita sai an kai na ƙarshe, a koma farko. Dalilin da ya sa ta ukun ta fi yawa maimakon ta huɗu shi ne, a lissafinsu, kusan kashi uku cikin huɗu na cibiyoyin suna hutawa a S1 ne cikin duhu. Daidaitawar da ake gani daga baya kuwa lambobi biyu ne suka bayyana ta, wato kason cibiyoyin da walƙiya take kuskurewa da kason waɗanda take matsarwa sau biyu. An yi wannan lissafi shekaru da dama kafin a ga siffar gungun manganis da ke fasa ruwan, kuma da aka gan shi samfurin bai rushe ba. Ƙarfinsa yana cikin ƙarancin lambobinsa, domin samfurin da ba shi da wurin ɓuya, in ya yi kuskure nan take ake kama shi.

Samfuran ƙyalli na yanzu ba su da wannan sauƙi. Tun shekarun 1990 Reto Strasser na Janeba da Govindjee suka nuna cewa hawan ƙyallin a cikin sakan na farko yana da matattakala huɗu da aka sa wa O da J da I da P, inda J take zuwa bayan kusan kashi 2 cikin dubu na sakan, I kuma bayan kusan kashi 30 cikin dubu. Masana irin su Dušan Lazár na ƙasar Cek, da Galina Riznichenko da Andrei Rubin na Jami'ar Mosko, sun gina samfura masu halaye da dama don sake zana wannan matattakala. An yarda cewa hawa daga O zuwa J cikar QA ce, amma ma'anar sauran har yau ana jayayya a kanta, kuma wani ɓangare na matsalar na lissafin ne kansa, domin samfuri mai lambobi masu yawa yana iya dacewa da layi ɗaya ta hanyoyi daban-daban masu karo da juna.

Abin da ya fi yaɗuwa a hannun masu aiki shi ne awo mai sauƙi da ake rubutawa Fv/Fm, wato a ɗebe ƙyallin da ake samu idan cibiyoyi suna buɗe daga wanda ake samu idan duk sun rufe, a raba da na biyun. Björkman da Demmig sun nuna a 1987 cewa lafiyayyen ganye yana ba da kusan 0.83, kuma raguwa daga nan alama ce ta wahala, ko ta zafi ko ta ƙishi ko ta yawan haske. Wannan awo ma samfuri ne, ko da yake masu amfani da shi sukan manta, kuma an gina shi a kan zaton da ya dace da ganye.

Halittar da ta fi daraja a ruwan kanwa na yankin Tafkin Cadi ba ta bin wannan zato. Sifirulina, wadda matan Kanembu na ƙasar Kanem suke tacewa su shanya a kan rairayi su sayar da sunan dihe, Pierre Dangeard ya bayyana ta a 1940, Jean Léonard na Beljiyam kuma ya sake cin karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshen nauyinta furotin ne. Ita dangin bakteriya ce mai launin shuɗi-kore, kuma wannan ya sauya lissafin ta fuska biyu. Shuɗin sinadarinta mai kama haske, fikosayanin, yana da nasa ƙyallin da ke cuɗanya da na kulorofil ya kumbura awon da ake yi idan cibiyoyi suna buɗe, sannan numfashinta yana zuba ilektiron a rumbun filastokwinon ɗin da haɗa abinci yake amfani da shi, ta yadda ajiye ta a duhu ba ya mayar da ita halin buɗaɗɗun cibiyoyi da ake zato kamar yadda yake yi wa ganye. Saboda haka lafiyayyar sifirulina takan ba da lamba ƙasa da ta ganye nesa ba kusa ba, kuma wanda ya auna ta da mizanin 0.83 zai yanke mata hukuncin ciwon da ba ta da shi. Masu bincike sukan gyara awon da ɗigon maganin ciyawa mai suna diuron, wanda yake toshe hanya tsakanin QA da QB, don a ga iyakar ƙyallin ta gaskiya a cikin haske.

Da wannan gyara, awon yana da amfani ga mai noman sifirulina a ƙasa mai zafin rana. Avigad Vonshak, a hamadar Negeb, da Giuseppe Torzillo na Italiya sun nuna cewa a buɗaɗɗun kwamaye lambar tana faɗuwa da tsakar rana ta farfaɗo da yamma, kuma ɓarnar haske tana tsananta idan ruwan ya yi sanyi, domin halittar ta fi son zafi kusan digiri 35, kuma a ƙasa da haka matakan ƙarshe na aikin suna yin nawa alhali haske bai fasa zuwa ba. Safiyar hunturu a ƙasar Gure, mai sanyin ruwa da saurin fitowar rana, ita ce ainihin wannan yanayi, ko da yake ƙurar da ke tare hasken wani lokaci takan sassauta shi. Matakan da ke hannun manomi sanannu ne, wato zurfin ruwa, da kaurin koren da ake bari don ƙwayoyin su yi wa juna inuwa, da yawan motsa ruwan, da rumfar da za a ɗora, kuma samfuri yana iya nuna wanne ya kamata a taɓa a wane wata. Sharaɗin shi ne a auna lambobin saurin a cikin ruwan wurin, da kanwarsa da lakarsa da zafinsa, a kuma riƙa gwada abin da ƙyalli ya faɗa da oksijin da aka auna da nauyin busasshen amfanin da aka kwashe daga kwamin.